Matan da suka hau kujerar shari'a ta ƙofar majistare

Sababbin lauyoyinmu, idan aka ambaci Aloma Mariam Mukhtar, 2012 kaɗai suke tunawa, shekarar da ta zama Babbar Jojin Najeriya, sai ka ce daga sama kujerar ta faɗo mata. Mu da muka tsufa a harabar kotu, wannan gajeren tuni yana ci mana rai. Ta zama lauya a Ingila a 1966, ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, ta yi majistare, ta riƙe babbar magatakardar kotunan Kano, kafin a naɗa ta alƙaliyar babbar kotu a 1977. Daga 1987 zuwa 2005 kuma tana Kotun Ɗaukaka Ƙara. Zainab Bulkachuwa ma, wadda ta shugabanci wannan kotu daga 2014, ta ƙofar majistare ta shigo. A wancan zamani majistare shi ne mai rubuta kowace kalmar shaida da hannunsa, babu na'ura, babu mataimaki, kuma da wannan rubutun ake auna shi idan an ɗaukaka ƙara. Takarda ba ta san mace ko namiji ba. Nan ne matan nan suka ƙwaci mutuncinsu.

Wani zai ce ai wannan duk shari'ar Bature ce, mutumin Maradun ko Talata Mafara gaban alƙalin Musulunci yake kai rigimar gona da gado, kuma mazhabar Malikiyya ta sharɗanta alƙali ya zama namiji. Gaskiya ne, ko da yake Hanafiyya ta yarje wa mace hukunci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba. Amma a dubi Zamfara kanta. Jihar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a cikinta a 1999, ita ce Mai Shari'a Kulu Aliyu ta daɗe tana Babbar Jojinta, kuma tsarin mulki ya ɗora Babban Joji kan shugabancin hukumar da ke naɗa alƙalan ƙananan kotuna da ladabtar da su. Ke nan alƙalin da ke zama a Bakura, ko da mace ba ta hau buzunsa ba, takardar ɗaukarsa da ta horonsa daga teburin da mace ke shugabanta suke fitowa.