Ramin da Ya Warke

A wajajen shekarar 1865, wani jami'in diflomasiyyar Amurka mai suna Ephraim George Squier ya ziyarci gidan wata attajira a birnin Kusko na ƙasar Feru, wadda ta shahara da tara kayayyakin tarihi na mutanen Inka. Cikin tukwane da gumaka da ta jera, abin da ya ɗauke hankalinsa shi ne wani guntun ƙoƙon kan mutum da aka tono daga wata tsohuwar maƙabarta a kwarin Yukay. A goshin ƙoƙon akwai rami mai kusurwa huɗu, wanda faɗinsa bai wuce na babban yatsa ba. Kallo ɗaya ya isa a gane cewa ba sara ba ne, ba kuma cizon dabba ba ne: tsaga huɗu ce aka yi a miƙe, biyu a tsaye biyu a kwance, sannan aka ɗauke ɓallin ƙashin da ke tsakaninsu. Matar ta ba shi kyautar ƙoƙon, shi kuma ya wuce da shi gida.

Da aka gabatar da shi a gaban ƙungiyar likitoci ta birnin New York, ba a yi gardama a kan cewa hannun mutum ne ya yi aikin ba. Inda aka ja daga shi ne a kan ko mai kan yana da rai lokacin da aka huda shi. Likitocin suna da dalilinsu na shakka, domin a manyan asibitocin zamaninsu mafi yawan waɗanda ake yi wa irin wannan fiɗa mutuwa suke yi. Idan ƙwararren da ya yi karatu, mai kayan aiki na ƙarfe, ya kasa, ta yaya mutumin da bai san rubutu irin nasu ba zai iya? Squier bai haƙura ba, sai ya kai ƙoƙon birnin Faris wurin Paul Broca, likitan nan da ya yi suna wajen gano sashen ƙwaƙwalwa mai kula da furta magana. A shekarar 1867 Broca ya bayyana hukuncinsa: an yi wa mutumin aikin yana raye, kuma ya rayu mako ɗaya zuwa biyu bayan haka.

Da me Broca ya dogara? Da ƙashin kansa. Ƙashin gawa idan aka yanka shi, yadda aka bar shi haka zai zauna har abada, bakinsa da kaifi, sawun wuƙa a fili. Ƙashi mai rai kuwa ba ya shiru. Cikin 'yan kwanaki gefen raunin zai soma canja kama, kuma idan kwanan mutum ya yi gaba, sabon ƙashi zai riƙa tsirowa yana shafe kaifin, har bakin ramin ya yi sumul kamar bakin tsohon turmi. A kan babban mutum ramin ba kasafai yake rufewa ɗungurungum ba, sai dai fata ta lulluɓe shi. Don haka duk ƙoƙon da aka tono da irin wannan rami yana ɗauke da shaidar abin da ya biyo baya: ko mai shi ya cika a hannun mai aikin, ko ya yi 'yan kwanaki, ko kuwa ya tashi ya ci gaba da noma da farauta shekara da shekaru. Mutanen da ba su bar mana ko harafi ɗaya ba sun bar mana littafin asibiti a jikinsu.

Da idon masana ya buɗe, sai aka ga ashe Turai ma cike take da irin waɗannan ƙoƙuna. A shekarun 1870 wani likitan karkara mai suna Prunières ya riƙa tono su daga kaburburan duwatsu a yankin Lozère na kudancin Faransa. Daga baya, a Ensisheim da ke gabashin ƙasar, an sami ƙasusuwan wani dattijo da ya rayu kimanin shekara 7,000 da suka wuce, kansa da huda biyu, ɗaya ta warke sarai, ɗaya kuma babba ta yi nisa da warkewa. An samu irin haka a Rasha, da Sin, da Arewacin Afirka, da tsibiran tekun Fasifik, a tsakanin al'ummomin da babu alamar sun taɓa jin labarin juna. Har kan saniya an samu da huda a wani mazaunin mutanen da a yammacin Faransa, mai shekaru kusan 5,000, abin da ya sa masu binciken suka yi hasashen ko dai jinyar dabbar aka yi, ko kuma wani ne yake koyon hannu kafin ya taɓa mutum.

Hanyoyin aikin ba ɗaya ba ne. Akwai masu tsaga huɗu irin ta ƙoƙon Squier. Akwai masu zana da'ira su yi ta bin ta da tsinin dutse har ta zurfafa, ɓallin ya fita. Wasu kan jera ƙananan huda a kewaye, sannan su karya abin da ya rage a tsakani. Amma wadda ta fi yawa, kuma ta fi barin mutane da rai, ita ce kankara: a ɗaye fatar kai, a sa ƙanƙarar dutse irin ta ƙyastu, ko baƙin dutsen nan mai kama da gilashi da ake samu inda dutse ya yi aman wuta, a riƙa goge ƙashin a hankali, sannu-sannu, har ya yi siriri ya buɗe. Amfanin kankara shi ne mai aikin yana ganin inda ya kai. A ƙarƙashin ƙashin akwai wani tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Muddin ba a keta shi ba, akwai kyakkyawan zaton tsira, idan kuwa aka keta shi, ƙofar ajali aka buɗe. Wanda ya san tsayawa a daidai wannan iyaka, da dutse a hannunsa, ga jini na zuba, ga majinyaci ido biyu, ba ɗan koyo ba ne.

Tambayar da ta fi wuya ita ce dalili. Broca ya karkata ga cewa yara masu farfaɗiya ake yi wa, domin a buɗe wa aljanin da ya shiga kai hanyar fita. Ya kafa hujja da ƙananan ɓallayen ƙoƙon kai da aka samu a kaburburan Faransa, waɗanda aka goge wasu har aka huda su kamar abin ratayawa a wuya, wato laya ke nan. Wannan bayani ya yi wa mutanen ƙarni na 19 daɗi, domin ya bar su a kan abin da suka riga suka yarda da shi, cewa mutumin da ko ya yi daidai, bisa kuskure ya yi. Har yau shi ne ya fi yawo a bakin jama'a. Sai dai ƙoƙunan Feru suna faɗin wani abu dabam. Da yawansu akwai karaya ko tsagewa a daidai gefen ramin, yawancinsu na maza ne, kuma hudar ta fi yawa a ɓangaren hagu, inda dukan abokin gaba mai amfani da hannun dama yake sauka. Waɗannan mutane ne da ke yaƙi da kulki da majajjawa. Idan dutse ya lotsa ƙoƙon kai, jini kan taru tsakanin ƙashi da tantani ya danne ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta barci har ya zarce. Maganin wannan, jiya da yau, shi ne a buɗe ƙashi a cire ɓaraguzai a zubar da jinin. A ganina ba sai an zaɓi ɗaya daga cikin dalilan biyu ba. Duk wanda ya taɓa zama a gaban wanzami ana yi masa ƙaho ya san hannu ɗaya yana iya riƙe aska yayin da baki ke tofi, kuma tofin bai rage wa askar kaifi ba.

A shekarar 2018 wasu masana uku, David Kushner da John Verano da Anne Titelbaum, suka fitar da sakamakon nazarin ƙoƙuna fiye da 800 daga Feru. A rukuni mafi tsufa, tsakanin shekara 400 zuwa 200 kafin Miladiyya, kimanin kashi 40 cikin 100 ne suka rayu har suka warke. Tsakanin 1000 zuwa 1400 adadin ya haura rabi da kaɗan. A zamanin daular Inka kuwa, a ƙarni na 15 da farkon na 16, ya kai kashi 75 zuwa 83. Ramukan sun ƙara ƙanƙanta, an ƙaurace wa wuraren da manyan jijiyoyin jini suke, har akwai wanda aka huda sau bakwai. Wannan hawa na sannu a hankali shi ne, a wurina, hujja mafi ƙarfi, domin tsafi ba ya ƙara ƙwarewa da tsawon zamani. Abin da ke ƙaruwa haka shi ne sana'ar da ake lura da sakamakonta, uba ya faɗa wa ɗa inda ya yi kuskure. Masanan sun kwatanta da yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda kashi 46 zuwa 56 na sojojin da aka yi wa fiɗar kai suka mutu.

Adalci ya sa a ce raunin harsashi ba ɗaya yake da na kulki ba. Duk da haka, babban abin da ya kashe waɗancan sojoji shi ne ruɓewar rauni. Likita kan zura yatsa cikin kan wannan, ya goge a riga, ya zura a na wancan, da kayan aikin da ba a dafa ba, a tanti mai cike da majinyata. Har ana ɗaukar fitowar mugunya a matsayin alamar sauƙi. Sai a 1867, shekarar da Broca ya yi magana a kan ƙoƙon Kusko, Joseph Lister ya wallafa hanyarsa ta kashe ƙwayoyin cuta a wurin tiyata. Mai aikin dutse bai san ƙwayoyin cuta ba, amma sabuwar ƙanƙarar da aka fasa yanzu tsaftatacciya ce, kuma majinyacinsa ɗaya ne, ba ɗari ba.

Inda rubutu ya samu, muna jin muryar masu aikin da kansu. Akwai wata takardar Masar da Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862, wadda aka kwafa kimanin shekara 1600 kafin Miladiyya daga wata da ta girme ta, James Henry Breasted kuma ya fassara ta a 1930. Ta ƙunshi raunuka 48, an jero su daga kai zuwa ƙasa. Ba ta ba da shawarar huda kai ba. Ɗinki ne, da ɗora ɗanyen nama a ranar farko, sannan zuma da kitse da tsumma. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne yadda likita yake raba raunuka gida uku: wanda zai iya magancewa, wanda zai gwada fafatawa da shi, da wanda ba shi da magani. Ba ƙaramin mutum ne yake rubuta gida na uku ba. Littattafan da ake danganta wa Hippocrates na Girka kuwa sun yi bayanin hudar dalla-dalla, har da gargaɗin a riƙa tsoma abin hudar cikin ruwan sanyi domin kada zafin gogayya ya ƙona ƙashi.

Kada dai a ɗauka duk abin da mutanen da suka yi hikima ce. Masarawan da suka san amfanin zuma su ne suka rubuta kashin kada a cikin haɗin hana ɗaukar ciki a takardar Kahun, kuma takardar Ebers cike take da surkulle da haɗe-haɗen da ba su da wani amfani. Cikin mutum goma da aka huda a rukuni mafi tsufa na Feru, shida ba su tashi ba.

Sana'ar ba ta mutu da zamanin dutse ba. A tsaunukan Aurès na Aljeriya an tarar da masu yin ta a farkon ƙarni na 20, kuma a cikin Kisii na yammacin Kenya an ci gaba da kankare ƙoƙon kai saboda ciwon kan da ke biyo bayan rauni har bayan tsakiyar ƙarnin, an ma ɗauki aikin a fim. Daga gare su aka ga abin da ƙashi ba ya nunawa: 'yan'uwa a zagaye suna riƙe da majinyaci, ana wanke rauni, ana sa ganye, ana komawa duba shi kwana da kwanaki.

Wannan ɓangare na jinya ya girmi wuƙa nesa ba kusa ba. A kogon Shanidar da ke arewacin Iraƙi, Ralph Solecki ya tono a 1957 ƙasusuwan wani namiji daga jinsin Neanderthal, wanda hannunsa na dama ya shanye, gefen fuskarsa na hagu ya taɓa farfashewa, ƙafarsa kuma da lahani, amma duk raunukan sun warke, ya kai shekarun da a wancan zamani tsufa ne. Shi kaɗai ba zai iya farauta ba. A kogon Liang Tebo na tsibirin Borniyo kuma, an bayyana a 2022 cewa an sami kabarin wani matashi da ya rayu kimanin shekara 31,000 da suka wuce, wanda aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan ƙwauri tun yana yaro. Yankan a miƙe yake, ba irin na haƙorin kada ko faɗowar dutse ba, kuma babu alamar ruɓewa a ƙashin. Wani ya tsayar da jinin, wani ya riƙa wanke dungun a cikin dajin da zafi da laima ke ruɓar da rauni cikin kwana biyu, wani kuma ya riƙa goya shi a kan duwatsu. Ya rayu shekara shida zuwa tara bayan haka, kuma da ya rasu, an haƙa masa kabari aka binne shi da kayan aiki na dutse da dunƙulen jan koya a kusa da fuskarsa.