Daga Man Gyaɗa Zuwa Manja: Tarihin Maikon Tukunyarmu da Ciwon Suga

A nan Sabo, da zarar likita ya ce mutum yana da ciwon suga, abin da ake fara yi shi ne a hana shi sukari a shayi da koko. Ba kasafai ake waiwayar man da ke yawo a kan miya ba, alhali shi ma yana da hannu a maganar. Yadda wannan mai ya shigo tukunyarmu, da yadda likitoci suka gano aikinsa a jiki, tarihi ne da ya shafi kowane gida a unguwar nan.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa saukowa Kurmi da shanu suna komawa da goro, maiko uku suka fi sani a gida: man shanu, man kaɗe, da man gyaɗa da mata ke matsewa, a yi ƙuli-ƙuli da tunkuzar. Man shanu kuwa ɗan kaɗan ake zubawa a kan tuwo, ba kullum ake samunsa ba. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, sannan a 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo. Da aka zauna, sai aka tarar ƙasar kwakwa ce, manja ga shi nan da araha a kowace kasuwa, matan gida kuma suka koyi girki da shi wajen maƙwabtansu Yarabawa.

Shi wannan jirgin ne ya buɗe cinikin gyaɗa a Arewa, har aka yi dalar gyaɗa a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata. Amma farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya nomanta. Man gyaɗa na ainihi ya yi tsada, har aka kai yau, inda da yawa daga farin man da ake sayarwa a jarka da sunan "man gyaɗa" manja ne da aka tace a masana'anta aka cire masa launi. Ga shi kuma tafiyar ƙasa ta fatake ta wuce, sai zaman shago da hawan babur.

A daidai waɗannan shekarun, likitoci a ƙasashen Turawa suna nasu binciken. A 1921, a birnin Toronto na Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka fitar da sinadarin insulin. Aikinsa kamar na mabuɗi ne: shi ke buɗe wa sukarin jini ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. A 1936 wani likita a Landan, Harold Himsworth, ya nuna cewa masu ciwon suga kashi biyu ne. Wasu insulin ɗin ne babu, wasu kuwa akwai shi, jikin ne ba ya jin maganarsa. Kashi na biyun shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ke kama manya. A 1963 Philip Randle da abokan aikinsa a Ingila suka bayyana cewa idan maiko ya yi yawa a jini, tsoka takan karkata ga ƙona shi ta ƙyale sukari.

Saura tambaya ɗaya: shin duk maiko ɗaya ne? A 2001 aka buga sakamakon wani gwaji mai suna KANWU, wanda aka yi a Finlan, Denmak, Italiya, Ostareliya da Suwidin. Mutum 162 masu lafiya aka raba, aka ciyar da su wata uku. Waɗanda aka ba maiko mai daskarewa, irin na man shanu, jin insulin ya ragu a jikinsu da kashi 10 cikin ɗari. Waɗanda aka ba mai irin na zaitun kuwa bai ragu ba. Sai dai an ga wannan amfanin ne kawai ga waɗanda maiko bai wuce kashi 37 cikin ɗari na ƙarfin abincinsu ba. Wato ko man kirki ne, in ya yi yawa, ya tashi daga aiki.

Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na jami'ar Uppsala a Suwidin, wanda aka buga a 2014. Matasa 39 aka riƙa ƙara wa kek a kan abincinsu har mako bakwai, wasu na tataccen manja, wasu na man furen rana. Duka sun ƙara nauyi kusan daidai, amma masu cin na manja kitse ya fi taruwa musu a hanta da cikin tumbi. Hanta mai kitse kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke tafiya tare da rashin jin insulin.

To ina namu mayukan suka faɗa? Kusan rabin manja maiko ne mai daskarewa, man shanu wajen kashi biyu bisa uku, alayyadi ya haura kashi 80 cikin ɗari. Man gyaɗa na ainihi bai wuce kashi ɗaya bisa biyar ba, kuma mafi yawansa dangin na zaitun ne. Ashe abin da kakanninmu mata ke matsewa da hannu yana cikin na gaba-gaba.

Ba cewa ake a kori manja daga gida ba. Jan nan nasa yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon idon yara, sai dai ƙona shi har ya yi fari yana lalata wannan amfanin. Maganar ita ce a auna da cokali maimakon a tuttula, a rage kitsen tsire da yawan soye-soye, a nemi man gyaɗa wajen masu ƙuli-ƙulin da aka sani, a ƙara kifi da riɗi. Mai ciwon suga kuma kada ya ajiye maganinsa don ya canza mai, ya shawarci likitansa tukuna. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.