Daga Mari Zuwa Kujerar Likita: Tarihin Neman Maganin Ci Babu Birki

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon daga nan Gwale, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wata larura da a gidajenmu ba a ma yarda larura ba ce. Mutum ya keɓe shi kaɗai ya cinye abin da zai ishi mutum uku, cikin gaggawa, ba don yunwa ba. Yana so ya tsaya, hannu ya ƙi, har ciki ya ɗaure, sannan kunya da tsanar kai su rufe shi. Mu sunan da muke ba shi acici, ko mai haɗama. Ni a shirin nan zan kira abin "ci babu birki". Tambayata ita ce, me ya sa mai wannan hali a Kano ya gwammace ya bar wa cikinsa da ya je asibiti?

Mu fara daga gida. A da, in hankalin mutum ya taɓu, wajen malam ake nufa a karɓo rubutu da tofi, wasu kuma su bi 'yan bori. In ya fara duka ko gudu, sai mari. Ku lura fa, duk wannan tsari an yi shi ne don wanda ciwonsa ya fito fili. Mai fama a ɓoye ba shi da gurbi a ciki.

Bature ya ci Kano a 1903, bai gyara wannan ba. Dokar masu taɓin hankali ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, hankalinta na kan yadda za a tsare mutum, ba yadda zai warke ba. A wurare da dama gidan yari ake ajiye su. Wannan doka ta 1958 da ita muka zauna har watan Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Shekara sittin da biyar ke nan. Marin ma bai tafi ba. Kun tuna watan Satumban 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

To wannan shi ne gadon da muka ci. Shi ya sa daga Mandawari har Ɗorayi, in yaro zai zagi ɗan'uwansa sai ya ce a kai shi Dawanau. Asibiti ne fa da ake warkar da mutane, amma bakinmu ya mayar da sunansa zagi. Yanzu ku ɗauki budurwar da ke rufe ƙofa da dare ta haɗa gurasa da awara da indomi tana ci tana kuka. Wa za ta gaya wa tana son ganin likitan ƙwaƙwalwa? Ta san abin da za a ce, ta san kuma maganar za ta iya kai wa gidan surukai.

Amma tarihin yana da wani reshe da ba a cika ba mu labarinsa ba. Sama da shekara dubu da suka wuce, malamin Musulunci Abu Zaid al-Balkhi ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, ya nuna tsoro da baƙin ciki da waswasi cututtuka ne da ake magancewa ta hanyar gyara tunani. A ƙasar nan kuma, a 1954, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta: maras lafiya ya zauna a cikin ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa karɓar magani, ba kulle ba sarƙa. Don haka neman maganin rai ba baƙon abu ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Ita kanta larurar ci babu birki ta daɗe kafin ta samu suna. Wani likita a Amurka, Albert Stunkard, shi ya siffanta ta a 1959. A 1994 littafin DSM na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya sa ta cikin abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike, sai a 2013 ya amince cuta ce mai zaman kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba ta gurbinta a kundin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Ma'aunin DSM shi ne abin ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, kuma yana damun mai shi. Wato ba wanda ya cika ciki ranar Sallah ko gidan biki ake nufi ba. Ba kuma masu ƙiba kaɗai take kamawa ba.

Maganin fa? Mafi inganci shi ne zama da ƙwararre, tsarin da ake kira CBT. Za ka riƙa rubuta abin da ka ci da halin da zuciyarka ke ciki, a gano abin da ke tunzura ka, ko kaɗaici, ko gori, ko zaman rashin aiki. Sai a ɗora ka kan cin abinci a kan lokaci, domin horar da kai da yunwa bayan ka yi ci mai yawa shi ke sake jawo wani cin. Akwai kuma magunguna, amma likita ne ke rubutawa, ba mai kemis ɗin layi ba. In aka bar ta, tana iya tafiya da ciwon suga, hawan jini da ciwon damuwa.

A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma Dawanau. In waɗannan sun yi maka nauyi, fara da likitan asibitin da ka saba zuwa, ka faɗa masa ƙarara cewa in ka fara ci ba ka iya tsayawa, ka nemi ya tura ka gaba. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa.

Mu kuma 'yan majalisa, a rage tsokanar acici. Ba ka san wanda dariyarka ta hana zuwa asibiti ba. Iyayenmu mari suka gada, mu mun samu doka da likitoci, saura mu cire kunyar.

Ku tura wa wanda kuke ganin zai amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.