Akwatin Talabijin a Matsayin Malami: Tarihin Koyar da Yara ta Allon Gwamnati a Nijar

Talabijin ya shigo Nijar ne a matsayin malamin firamare, shekaru 15 kafin ya zama abin kallon labarai. Lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Malamai masu horo sun yi kaɗan ainun, kuma a karkara, a wurare irin su ƙasar Mayahi da Tasawa, uba ya fi yarda ya damƙa ɗansa ga malamin allo da ya kai shi wurin mushe, wato malamin lakwal. Shugaba Diori Hamani, wanda shi kansa tsohon malami ne da ya taɓa koyarwa a Maraɗi, ya san horar da isassun malamai zai ɗauki shekaru masu yawa. Da Faransa ta zo da shawarar a gwada koyarwa ta talabijin, tare da kuɗi da ma'aikata, sai gwamnatinsa ta karɓa.

An fara a Yamai a 1964 da azuzuwa biyu. A 1966 aka faɗaɗa zuwa wajen aji 20 a ƙauyukan da ke kewaye da birnin, yara kimanin 800. Kowace rana akan watsa darasi huɗu, kowanne bai cika minti 15 ba. Masu shirya darussan sun kauce wa ɗaukar hoton malami tsaye gaban allo yana magana. Sun yi amfani da gajerun wasannin kwaikwayo, da zane-zane, da 'yan tsana, da hotunan kasuwa da rijiya da gona waɗanda yaron ƙauye ya saba gani. Manufarsu ita ce yaro ya yi dariya, ya kwaikwayi abin da ya gani, ya koya ba tare da tsoron bulala ba. Wanda ke tsaye a cikin aji ba cikakken malami ba ne. Saurayi ne mai takardar gama firamare, da aka ba shi horo na ɗan lokaci. Idan an kashe akwati sai ya bi takardar jagora, ya sa yara su maimaita, su yi wasan da kansu, su rubuta.

Ƙauyukan ba su da lantarki, don haka da batura aka fara kunna akwatunan, kuma batir yana da tsada, yana ƙarewa. Tun 1968 aka soma gwada faifan hasken rana, abin da ya sa makarantun Nijar suka shiga sahun farko a duniya wajen amfani da rana a irin wannan aiki.

Sakamakon ya ba baƙi masu zuwa kallo mamaki. Yaran sun saki baki da Faransanci, ba su da ɗari-ɗarin da aka san 'yan lakwal da shi, kuma kaɗan ne suka gudu daga aji. Kodivuwa ta ɗauki darasi daga nan ta kafa nata babban shirin a Bouaké a 1971. Sai dai a gida abin bai yi armashi haka ba. Yaran da suka koma makarantun da aka saba sun tarar da jarrabawar da ta fi auna rubutu da nahawu, ba magana ba. Malamai da sufetoci da dama sun ɗauki shirin a matsayin abin Turawa da aka yi a bayan idonsu. Ga kuma tsada: na'urori da gyaransu da ƙwararru duk daga waje suke zuwa. Sannan a waɗannan shekaru na farko hoton bai wuce kewayen Yamai ba. Maraɗi tana da nisan fiye da kilomita 600 daga can, Mayahi da Tasawa kuwa suna gaba da ita. Yaron Kanambakashe ko na Gazawa bai san ana yi ba. Darasinsa na dare yana nan a bakin kaka, gizo da ƙoƙi da kacici-kacici.

Babban gibin shi ne harshe. Akwatin Faransanci kaɗai yake yi, daga ranar farko. A nan tarihi ya yi wani abin lura, domin a shekarar da aka kunna shi, 1964, wani haifaffen Tasawa ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya kafe cewa yaro ya kamata ya fara karatu da harshen da ya tashi da shi. Wannan mutum shi ne Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a 1929, masanin kimiyyar hasken rana da ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ƙasa daga 1969, wanda kuma Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa a yau. Ra'ayinsa bai shiga ɗakin shirya darussan talabijin ba, amma ya sami wata ƙofa: a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, daga baya aka yi irinta da sauran harsunan ƙasa.

Rediyo ne ya riga kowa yin magana da talaka da harshensa. Ƙungiyoyin sauraren rediyo, waɗanda aka kafa a 1962, sukan tara mutane su saurari shiri, a naɗi ra'ayoyinsu a mayar wa gidan rediyo. Shirin na manya ne, amma a dandali ba a korar yara.

Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, gwamnati ta fi karkata ga talabijin na kowa da kowa. Kuɗin yuraniyom ya ba da hali, kuma a 1979 Télé Sahel ta fara aiki a kan harsashin da talabijin na makaranta ya bari, da kayan aikinsa da ma'aikatan da ya horar. Darussan aji suka tsaya. Aka shimfiɗa tashoshin watsawa zuwa gabas, aka rarraba akwatunan kallo na jama'a masu aiki da rana a garuruwa da ƙauyuka, galibi a hannun ƙungiyoyin matasa na samariya. Ta wannan hanya hoton gwamnati ya iso ƙasar Hausa, kuma abin da ya fi tara yara gabansa shi ne wasan kwaikwayo da Hausa, musamman na ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram. Shi ma malamin makaranta ne, kuma cikin raha yake cusa zancen tsabta da karatu da riƙon amana.

Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, sannan kundin da hukumomi suka zartar a 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Irin faifan rana da aka gwada a ajin talabijin a 1968 kuwa yanzu ana sayar da shi a kasuwar Mayahi, kuma ana amfani da shi wajen cajin salula.