Alhudahuda, Mai Kawo Labari

A Gangare, cikin Jos, na fara ganin alhudahuda, kan katangar gidan kakana, yana tsattsagar ƙasa da dogon bakinsa, tukkunsa a baje. Na ɗauko danƙo, kaka ya riƙe min hannu. "Kai yaro, ba a harbin malamin tsuntsaye."

Kakan nan nawa haƙar kuza ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano, bayan jirgin ƙasa na Zariya ya iso can a 1914. Da allonsa ya zo, da kuma labarin tsuntsun. A Suratun Namli, Annabi Sulaiman ya duba rundunar tsuntsaye bai ga alhudahuda ba, ya yi fushi. Sai ga shi ya dawo da labarin sarauniyar Saba'a da mutanenta masu bautar rana, aka ba shi wasiƙa ya kai. Sarauniyar nan ita ce Bilkisu, kodayake masu tafsiri ne suka ba ta sunan.

Marubuta sun daɗe suna aron wannan ɗan aike. Faridud Din Attar na Farisa ya sa shi gaban tsuntsaye a tafiyar neman sarkinsu Simurg. Mu kuwa namu ya canza gashi: Abubakar Imam ya ɗauko aku a Magana Jari Ce, 1937, ya ba shi baki har ya zama waziri. Ni dai aku ya cika surutu. Alhudahuda labari ɗaya ya kawo, aka bincika, aka tarar gaskiya ne.

Katangar ta rushe tuni, amma da sanyin safiyar Jos nakan ji kukansa ta wajen Dilimi.