Riƙon Ɗa Bayan Saki: Tsakanin Al'ada da Littafi

Gabatarwa

Kakata, mutuniyar Gammo ta ƙasar Kabo, ita ce sanadin wannan ɗan bincike. Ta ba ni labari cewa aurenta na fari ya mutu tana goyon ɗa namiji. Ranar da ta yaye shi, sai ƙanen mijin ya zo da ƙullin goro, ya saɓi yaron a kafaɗa ya tafi. Ba ta kai ƙara ba, don a lokacin ba ta san tana da abin faɗa ba.

Al'ada da Littafi

A al'adar Bahaushe ɗa na uba ne. Uwa takan riƙe shi ne iyakar shayarwa, watau shekara biyu ko ƙasa da haka, sa'an nan a mai da shi gidan ubansa, kishiya ko goggo ta riƙe. Alhali kuwa littattafan Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar, uwa suka bai wa riƙo: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Idan uwar ta auri bare, riƙo ya koma ga mahaifiyarta, sa'an nan 'yar'uwarta. Ci da tufafi kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake.

Yadda Kotuna Suka Sauya

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an tura hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e. Amma kafin magana ta isa gaban alƙali, sai ta bi ta zauren mai unguwa da na dagaci, kuma a nan yawanci al'ada ke kashe ta. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna. A 1968 gwamnati ta karɓe kotuna daga hannun En'e, aka rushe kotun Sarki. A 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a, a 2003 kuma aka yi dokar Hukumar Hisba, wadda ke sasanta irin wannan rikici.

Hukunci Daban, Zartarwa Daban

Kotuna sun sauya suna sau da yawa, amma cikas ɗin yana nan inda yake. Ko alƙali ya ce a mayar wa uwa ɗanta, uba yana iya kai shi gabas karatun allo, ko ya janye kuɗin ciyarwa har talauci ya sa ta dawo da shi da kanta. Iyayenta ma sukan ce, "Ki yi haƙuri, kada ki ja mana magana." Ga kuɗin mota, ga sammaci, ga sabon miji da ba ya son agola.

Kammalawa

A ganina, mu ɗalibai bai kamata mu riƙa kiran kowace al'ada addini ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Kakata ba ta sake zama da ɗan nan ba sai ranar ɗaurin aurensa, ya durƙusa ya gaishe ta kamar baƙuwa. Allah ya sa mu gyara, amin.