Daren da Barci Ya Ƙaurace wa Gidan Yayata

Yau za mu koma shekarar 2020, lokacin kullen korona, amma ta wata ƙofa da ba a cika leƙawa ba: barcin yara masu larurar galahanga, wato otizim, da na iyayen da ke kula da su.

Kun tuna, a ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a Najeriya, ranar 30 ga Maris kuma aka kulle Legas da Abuja. Kano ta bi sahu a tsakiyar Afrilu, ga zafin bazara, ga azumi ya kawo kai.

A gidan yayata na yi zaman kullen. Ɗanta mai galahanga yana da shekara bakwai a lokacin. Irin waɗannan yara, tsarin yau da kullum shi ne ginshiƙinsu: a tashi lokaci kaza, a tafi makaranta, a dawo, a ci abinci, a kwanta. Dama can bincike ya nuna rabinsu ko fiye suna fama da matsalar barci. To da aka rufe makaranta, sai komai ya wargaje. Ba fita, ba guje-guje, ba gajiyar da za ta kwantar da shi. Sai waya a hannu, alhali hasken waya da dare yana jinkirta sinadarin melatonin, wanda ke sanar da jiki cewa lokacin barci ya yi. Ƙarfe biyu na dare yana zagaye tsakar gida. Yana fara gyangyaɗi, sai a tashi sahur. Wallahi na ga Yaya tana tuƙa tuwo idonta na rufewa.

A daidai wannan lokaci, a wasu ƙasashe maganar ta kai kunnen hukuma. Ranar 2 ga Afrilu 2020, ranar wayar da kai kan galahanga ta duniya, Shugaba Macron ya sanar da sassauta dokar fita ga masu larurar a Faransa. A Ingila ma, cikin watan nan na Afrilu, gwamnati ta gyara ƙa'idarta, ta yarda su fita fiye da sau ɗaya a rana, bayan wasu iyalai sun ɗauki lauyoyi.

Mu kuwa a layinmu, abin da maƙwabta ke cewa shi ne, "Yaron nan a kai shi a yi masa ruƙiyya." Ba wanda ya tambayi uwar ko ta runtsa. Alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya.

Abin da ya taimaka mana ƙarami ne. Muka tsara masa yini, ana fito da shi hasken safe a ƙofar gida, ana ɗauke waya bayan magariba, ni kuma na karɓi rabin dare don Yaya ta kwanta.

Wata annoba ko dokar hana fita na iya sake zuwa. Mu matasa mu matsa tun yanzu a rubuta waɗannan iyalai cikin tsarin gaggawa. In kuma akwai irin wannan uwa a unguwarku, ku karɓe ta ko na awa biyu ta samu barci.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.